Fuskar Alu a Bango

Duk ranar kasuwar Kurfi, idan Manu ya gama da karar shanu, ba ya wuce maƙerar Rabe. Nan yake zama bisa wani fasasshen turmi, ya jingine sandarsa, ya buɗe hirar silima. Dillalin shanu ne, Bafulatanin Ɗantutture wanda Fulatanci ya kusa kuɓuce masa, kuma sana'arsa takan kai shi Katsina, wani lokaci har Kano. In ciniki ya faɗa da wuri, sai ya shiga gidan silima ya zauna a bencin gaba. Bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, ba ya kuma jin yaren da suke yi, amma ra'ayi kam yana da shi cike da baki.

A wurinsa fim ɗin Indiya shi ne fim. Dole a yi waƙa, dole a sami mugu mai gashin baki, dole a ɓatar da yaro tun yana goye, ya girma a hannun wasu, can ƙarshe uban ya gane shi ya rungume shi a gaban jama'a yana kuka. Wurin nan Manu ya fi so, ko da yake in ya zo kansa a labari yakan yi dariya ya ce mutanen can ba su san kunya ba. Fim ɗin kaboyi yana kallonsa saboda dawakai, amma yadda suke kora shanu yana ɓata masa rai: da gudu, da harbi, ba mai tsayawa ya duba kofaton saniya, ba wanda ya san sunan ko guda a garkensa. Majigin gwamnati da mota ke kawowa filin makaranta kuwa, cewa yake wa'azi ne kawai aka kunna wa fitila: a haƙa masai, a wanke hannu, a shuka gyaɗa a layi.

Amma duk cikinsu babu wanda ya raina kamar fim ɗin Malam Sa'idu.

Malam Sa'idu malamin dabbobi ne a Dutsin-Ma, mutum shiru-shiru. Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da zai koma ƙasarsu bayan an sami mulkin kai, ya bar masa wata 'yar kamara da ake murɗawa kamar agogo. Tun daga nan duk inda aiki ya kai shi yana rataye da ita. Ya ɗauki mata suna sussuka, ya ɗauki masu yasar rijiya a Dabawa, ya ɗauki shanu suna shan ruwa. In zaren fim ɗin ya cika sai ya aika da shi Turai a wanke, ya yi watanni kafin ya dawo, sannan ya haska shi a bangon ɗakin ajiyar magunguna ga duk mai son gani. Manu ya je sau ɗaya. Abin da ya gano ya ishe shi hira har ƙarshen damina.

"To, Bafillace," in ji Rabe yana zuga wuta, "ka ga na Malam, ka ga na Indiya. Wanne ya fi?"

"Kai dai maƙeri, ka tsaya ga gawayinka. Ba magana, ba kiɗa, ba mugu. Saniya ta shigo, ta dube ka, ta fita. Ni da na baro saniya a gida, in taka har Dutsin-Ma a nuna mani saniya a bango?"

"Wataƙila ta fi taka ƙiba."

"Ko rawa ba ta yi ba, Rabe."

Da a maƙera maganar ta tsaya, da da sauƙi. A kakar da aka yi wa shanun ƙasar allura gaba ɗaya, an tara garken Ɗantutture da na Rawayau a bayan garin Kurfi. Manu ya iso a makare, ya tarar Malam Sa'idu ya saita kamararsa kan wani farin bijimi na Manun. Bai yi wata-wata ba ya ratsa ta gaban kamarar ya karɓi igiyar daga hannun mai riƙe da ita, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce Malam ya adana abinsa ya kai inda ake waƙa, nan wurin aiki ne. Jama'a suka yi dariya. Malam Sa'idu ya yi murmushi ya sauke kamarar.

Wanda Manu ya karɓi igiyar daga hannunsa Alu ne, ɗansa na fari.

Ɗan fari a gidan su Manu ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a haɗa ido da shi. Haka Manu ya taso ya ga uban da ya haife shi yana yi wa babban wansa, haka shi ma ya yi, kuma ba wanda zai ce ya taɓa kama shi da kuskure. Ana yaye Alu aka kai shi Rawayau wurin Gogo, yayar Manu, ita ta rene shi. Sai da ta rasu, yaron ya zama saurayi, sannan ya dawo gida ya kama kiwo. Ko a lokacin, in Manu yana son ya sa shi aiki sai ya faɗa wa iska: a kai shanu fadama, a duba maraƙin nan mai ɗingishi. Alu ya amsa daga bayan ɗaki, aiki ya yiwu. In suka haɗu a ƙofar gida, uban ya dubi gabas, ɗan ya dubi ƙasa. Sauda, uwar Alu, ta fi mijinta tsanani. In yaron ya shigo tsakar gida ita sai ta shige madafi, ta bayan dangar karan da Manu ke sabuntawa duk kaka, wadda kuma duk shekara yake mitar cewa awaki sun huda masa ita a wuri ɗaya.

Ba ƙiyayya ba ce. Manu ya san haka, kowa ma ya sani. A ganinsa abin da kake so ƙwarai shi kake kawar wa kai, don kada mutane su ga rauninka, kada kuma yaron ya taso yana jin kansa. Yana alfahari da Alu a ɓoye, irin alfaharin da ko Sauda bai taɓa gaya wa ba.

Da bazara sanƙarau ya shigo ƙauyukan Kurfi. Alu ya dawo daga kiwo yana riƙe da wuya, kafin a gama shawarar kai shi asibiti ya cika. Ƙannen Manu suka yi masa wanka suka sa shi a likkafani. An ce wa Manu ya shigo ya yi masa addu'a kafin a rufe fuskar, ya shiga, ya tsaya daga wajen ƙafafu, ya yi addu'arsa yana kallon tabarma. Masu gaisuwa suka zo, ya karɓe su da busasshen ido kamar ɗan maƙwabci aka rasa. Dattawa suka yaba. Suka ce Manu ya cika ɗan halak.

Sai da ruwa ya sauka, gida ya yi shiru, sannan abin ya same shi. Wata rana yana zaune gindin ƙirya yana murza igiya, ya nemi fuskar Alu a ransa, ya rasa. Ƙafafun suna nan, dogaye masu faso a dunduniya. Ƙeyar tana nan. Muryar da ke cewa "to" daga bayan ɗaki tana nan, da irin fiton da yake yi wa shanu. Amma daga haɓa zuwa goshi babu komai, kamar an shafe da hannu. Ya runtse ido ya matsa wa kansa, sai ga fuskar wani mugu na fim ɗin Indiya ta fito masa tsaf, har da tabon da ke gefen hancinsa. Mutumin da bai san ko sunansa ba, wanda ya gani sau ɗaya a Kano, ya riƙe fuskarsa. Ɗan da ya haifa kuwa bai riƙe ba.

Ba shi da wanda zai tambaya. Yaya uba zai je wurin mutane ya ce a kwatanta masa ɗansa na fari? Ya ci gaba da zuwa kasuwa, ya ci gaba da zama a maƙera, amma hirar silima ta mutu a bakinsa. In an tsokane shi sai ya ce ya kwana biyu bai shiga birni ba.

Wata ranar kasuwa, bayan mutane sun watse, Rabe ya ajiye guduma ya zauna kusa da shi. Ya ce ya je Dutsin-Ma sayen ƙarfe ya haɗu da Malam Sa'idu. Zaren da aka ɗauka ranar allura ya dawo daga Turai. An kuma yi wa Malam canjin aiki zuwa lardin Adamawa, yana ta ɗaure kaya, da fim ɗin da kamarar duk da su zai tafi.

"Ya ce in gaya maka," in ji Rabe yana tonon toka da tsinke, "farin bijimin nan naka ya fito sosai. Ya ce in kana son ganin shi, jibi motar majigi tana garin, za su ara mashi injin wuta."

Manu ya san ba maganar bijimi ake ba. Bijimin ma ya daɗe da sayar da shi. Rabe ya san ya sani. Suka zauna har gawayin ya yi fari.

A hanyar gida ya yi ta juya abin. Kunyar nan da ya riƙe shekara da shekaru, ta mai rai ce kaɗai, ko tana bin mutum har kabari? In ya je ya zuba wa yaron ido a bango, ya karya abin da ya hana kansa a lokacin da kallon zai yi wa yaron amfani. To, me ya rage na ma'anar hanin? In kuma bai je ba, don wa? Dattawan da suka yaba masa sun koma harkokinsu. Ga kuma Malam Sa'idu, mutumin da ya kunyata a gaban jama'a, shi ne yau zai buɗe masa ƙofa. Ya iso gida bai warware ko ɗaya ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in motar Adamawa ta tashi, fuskar ta tafi ke nan.

Ya gaya wa Sauda yana kallon turken awaki. Ya ce jibi zai leƙa Dutsin-Ma, an ce tsohon bijiminsu ya fito a hoton malamin dabbobi. Ranar tafiyar, da ya fito daga sallar asuba, ya tarar da babbar rigarsa ta zuwa biki a ninke bakin ƙofa, da gorar fura a kanta.

Rabe ya rufe maƙerarsa ya bi shi, wai shi ma yana da sauran ƙarfen da zai ɗauko. Suka isa rana ta take. Malam Sa'idu ya tarbe su kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu, ya yi wa Manu gaisuwar rashi a taƙaice, ba tare da ya ambaci wanda aka rasa ba, ya shigar da su ɗakin ajiya. An toshe tagogi da buhunan gyaɗa, ɗakin yana warin maganin kaska. Akwai direban motar majigi da wasu ma'aikata da suka shigo kallo, suna zaune bisa akwatuna. A waje injin wuta ya kama ruri. Haske ya faɗo kan farin bango.

Abin da Manu ya raina ne, ba abin da ya canza. Hoton yana rawa, ba murya, sai ƙarar injin. Ga ƙura, ga ƙahoni, ga wata tsohuwa ta tsaya tana kallon kamara baki buɗe. Ma'aikatan suna dariya suna kiran sunayen waɗanda suka gane. Sai ga farin bijimin ya cika bangon. Kamarar ta bi igiyar da ke wuyansa, ta kai ga wani hannu, ta fara hawa.

Wuyan Manu ya sunkuya da kansa.

Bai yi niyya ba. Ɗakin duhu ne, ba mai kallonsa, ya kuma yi doguwar tafiyar nan ne don wannan kaɗai. Amma jikin da ya saba ya riga shi yanke hukunci. Yana kallon yatsun ƙafarsa ya ji ɗakin ya yi tsit, sannan wani ya ce Allah ya jiƙan rai. Kafin ya ƙwato wuyansa ya ɗaga, wasu shanu ne a bangon, na mutanen Rawayau. Jim kaɗan zaren ya ƙare, bangon ya koma fari.

Ya zauna hannuwansa bisa gwiwa. Ya kamata ya miƙe ya yi godiya. Ba zai iya cewa a sake ba. In ya faɗa, ya faɗi komai ke nan a gaban baƙi.

Rabe ne ya miƙe yana fifita da hula. Ya ce shi da ke kwana gaban wuta bai taɓa jin zafi irin na ɗakin nan ba, kuma ya ga mai rake a bakin hanya, duk wanda ya biyo shi ya sha a kansa. Ya ja hannun direban, sauran suka bi su suna yi masa tsiyar yau maƙeri ya yi kyauta. Malam Sa'idu yana ta taɓe-taɓe a jikin injin haska hoton.

"Malam Manu," ya ce, "zaren ya ɗan zame mani a tsakiya, ban ji daɗin yadda ya tafi ba. Zan maido shi baya in gwada kafin in sa shi a akwati. In ba ka gaji ba, ka zauna. Ni idona na kan injin."

Ya juya wa bangon baya, ya kunna.

Manu ya sa hannu biyu ya tallafe haɓarsa, ya riƙe ta da ƙarfi kamar yadda ake riƙe maraƙi za a ba shi magani. Ƙura, ƙahoni, tsohuwa. Bijimi. Igiya. Hannu.

Saurayi ne dogo, siririn fuska, idanunsa manya kamar na Sauda. Hularsa ta karkace. Wani daga gefe ya faɗa masa wata magana, sai ya juyo ya fuskanci kamara sosai ya fashe da dariya, irin dariyar da ke girgiza kafaɗu. Yana da wushirya. Ya dafa tozon bijimin, ya nuna masa kamarar da yatsa, kamar yana cewa kai ma ka gyara tsayuwa. Manu bai taɓa ganin wannan mutumin ba. Da a kasuwa ya gamu da shi, da ya so ya zauna kusa da shi su yi hira.

Sai ga bayan wani mutum ya shigo ta gefen hoton, da sanda a kafaɗa. Manu ya gane rigar kafin ya gane mai ita. Kafin mutumin ya ƙaraso, dariyar ta ɗauke daga fuskar saurayin kamar an hure fitila. Ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa igiyar da hannu biyu, ya ja da baya har ya fita daga hoton. Mutumin ya juyo yana magana, bakinsa yana motsi ba sauti, yana jin daɗin abin da yake faɗa. A nan hoton ya yanke.

Malam Sa'idu ya kashe injin, bai juyo ba. Ya daɗe yana naɗe zaren, fiye da yadda aikin ke bukata. Manu ya goge fuskarsa da hannun babbar rigar. Da ya sami murya, ya so ya ce wani abu game da ranar allura, amma Malam ya riga shi, ya ce ai gaskiya ya faɗa, fim ɗin ba waƙa. Ya ce da ana iya yanke wurin a ba mutum ya tafi da shi da ya yanke, amma in an cire shi daga injin ɗan baƙin abu ne kamar farce, ba a ganin komai. Manu ya ce Allah ya kai shi Adamawa lafiya. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki ba.

A hanya Rabe bai tsokane shi ko sau ɗaya ba. Manu yana tafe yana maimaita fuskar a ransa don kada ta zube. Ya sami abin da ya je nema, amma ya taho da ƙari. A fim ɗin Indiya uba yana shigowa ne kuka ya ƙare. Shi kuwa ya ga abin da shigowarsa ke yi, kuma ba a ranar allura kaɗai ba: duk ɗakin da ya taɓa shiga, duk gindin itacen da ya taɓa isa yaron yana wurin, haka aka yi, shi ne dai bai taɓa ganin abin da ke gaban zuwansa ba. Ya tambayi kansa ko laifi ne. Bai saɓa wa kowa ba, abin da aka koya masa ya yi, yaron ma abin da aka koya masa ya yi. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, har suka rabu da Rabe a mararrabar Kurfi bai samu ba.

Ya iso gida rana na shirin faɗuwa. Sauda tana bakin madafi tana kaɗa nono. Ta yi masa sannu da hanya, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta. Can ta tambaya, ba ta ɗago ba, ko bijimin ya fito da kyau. Ya ce ya fito. Maburgi ya ci gaba da juyawa a cikin ƙwarya.

"Wanda ke riƙe da igiyar," in ji Manu, "ashe yana da wushirya."

"Yana da ita," ta ce. "Ta sama."

Ya dube ta. Ita ce mai shigewa madafi in yaron ya shigo.

"Yana dariya?" ta tambaya.

"Yana yi."

"Har aka gama?"

Yana iya cewa e. Ba ta da hanyar sani, fim ɗin kuma ya kusa barin ƙasar. Maburgin ya tsaya.

"Har na shigo," ya ce.

Sauda ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata abin da ta daɗe da sani. Ta ce haka yake yi, ko ita ce ta fito. Shi ya sa ba ta fitowa. In yana wasa da ƙannensa a tsakar gida, daga nan take kallonsa. Ta nuna da haɓa.

Manu ya bi haɓar da ido. Wurin nan ne a jikin danga, inda karare suka rabu kamar faɗin tafin hannu, daidai idon mai zaune a gaban murhu. Ya tashi ya zagaya cikin madafin, inda rabonsa da shiga tun suna amare, ya durƙusa ya sa idonsa. Tsakar gidan gaba ɗaya tana ciki: turmi, gindin ƙirya, igiyar da aka rataye a reshe, kaji suna neman wurin kwana.

Bana ma ya yi niyyar toshe wurin in an yanke dawa. Ya daɗe a durƙushe yana kallo, har Sauda ta ce ya matsa mata, za ta hura wuta.